Ganau Ne Kai Ko Jiyau? Yadda Nake Koya Wa Yarana Buɗe Bakin Labari

Daga Wad Madani nake rubuto muku, garin da mu a nan muke ce wa Madani kawai, a bakin Shuɗin Nilu, tsakiyar ƙasar Jazira ta Sudan. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya shiga tsinkar auduga, to ga mu har yau. Irinmu suna da yawa, daga Mai Wurno kusa da Sinnar har ƙauyukan da ke bin kogi zuwa Damazin. Ni dai tun ina saurayi nake bin bayan shanu, yanzu ga furfura ta cika gemu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata asara da na ga an yi a gabana, wadda ba cuta ce ta jawo ta ba, ba ɓarawo ba, ba fari ba. Magana ce kawai.

A farkon shekarar 2023, ana shirin shiga azumi, ina zaune a zariba da hantsi sai ga ɗan ƙanena ya shigo a guje, waya a hannu, yana haki. Ya ce, "Baffa, an rufe! Saudiyya ta hana shigar da dabbobin Sudan!" Ya miƙo mini wayar. Hoton takarda ce da Larabci, ga tambari a sama, ga sa hannu a ƙasa. Tare da ita akwai hoton tumaki matattu suna yawo a kan ruwan teku, sai kuma muryar wani mutum da ban sani ba yana rantsuwa da Allah cewa duk mai dabba ya sayar yau, gobe ko kyauta ba mai karɓa.

Wanda ba ya wannan sana'a a Sudan zai ce, ina ruwan mai shanu da tumakin Saudiyya? To da ruwansa. Tumakin da ake lodawa a tashar Sawakin zuwa Jidda, in aka rufe musu ƙofa, cikin gida suke dawowa. Nama ya yi araha, mahauci ya daina neman sa, farashin shanu ya bi na tumaki ƙasa. Mun gani a 2000, lokacin da zazzaɓin dabbobi ya ɓulla a Jizan, Saudiyya ta rufe wa ƙasashen gabashin Afirka ƙofa har da mu. Mun sake gani a watan Oktoba na 2019. Saboda haka tsoron yaron nan ba na banza ba ne, ni ma sai da gabana ya faɗi.

Na ce masa ya zauna ya sha ruwa. Sannan na ce ya karanta mini kwanan watan da ke jikin takardar. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce babu, an yanke wurin. Na ce to wa ya turo maka? Ya ce wani abokinsa. Shi kuma wa ya turo masa? Ya ce a wani zauren WhatsApp ya gani. Na ce yau ka kawo mini sa babu damin. Ku da ke kasuwannin Kano ko Maraɗi kun san fatoma, mai masaukin da ke tsaya wa baƙo. Mu a nan damin muke cewa, shi ne mutumin da zai lamunce cewa dabbar nan ba ta sata ba ce, in rigima ta taso shi za a kama. Ba mai hankalin da zai ƙirga kuɗi a kan san da ba wanda ya tsaya masa.

Muka buga wa wani direba da na daɗe da sani, wanda ke jigila zuwa Sawakin. Ya ce ga shi tsaye a bakin tasha, ana loda jirgi a gaban idonsa. Da yaron ya ƙara bincikawa sai ta bayyana takardar ta gaske ce, amma ta 2019 ce. Hoton tumakin ma na gaske ne, amma na jirgin nan ne da ya nutse a Sawakin a watan Yuni na 2022 da tumaki sama da 15,000 saboda an yi masa lodi fiye da ƙima. Kun ga ikon Allah. Ba a ƙirƙiri komai ba. Gaskiya biyu tsofaffi aka ɗauko aka ɗinke su, aka yanke musu kwanan wata, suka zama ƙarya sabuwa fil. Kafin azahar wani maƙwabcina ya riga ya sallama bijimansa da ya yi wata huɗu yana ba su ƙuli da dusa, a farashin da ko kuɗin abincinsu bai fitar ba. Wanda ya saya kuwa, har yau ina zargin ya san mai muryar nan. Zargi ne dai, Allah ya yafe mini in na ɗauki alhakinsa.

Tun daga ranar na ce wa kaina, mun yi sake. Mun koya wa yaranmu duba dabba, ba mu koya musu duba magana ba, alhali hanyar ɗaya ce.

Maigidana na farko, Allah ya jiƙansa, ranar da ya fara kai ni kasuwa bai bar ni na yi tayi ba. Wuni na yi ina buɗe bakin shanu. Ya ce mai dabba zai ce maka sa ɗan shekara uku ne, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka gaskata shi, kai dai kama leɓe ka duba. Haƙoran gaba takwas ne a ƙasa. In ya zubar da na nono biyu manya suka fito, ya kai wajen shekara biyu, shi ne Larabawan nan ke ce wa tani. In huɗu ne raba'i, in shida ne sadis, in duk takwas sun cika ya doshi biyar, in sun fara cinyewa to tsufa ya zo ko da an goge masa ƙaho an shafa mai. Ya nuna mini yadda ake ba dabba gishiri a ɗura mata ruwa ta kumbura, da yadda ake barin saniya kwana biyu ba tatsa don hantsa ta cika. Bai taɓa ce mini mutane duk maƙaryata ne ba. Cewa ya yi, mai sayarwa yana da bukata, kai kuma kana da ido.

Da na koma ga abin da aka karantar da mu a Islamiyya sai na ga ashe ba sabon abu ba ne. A babin ciniki na Risala an hana algus da ɓoye aibi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya hana abubuwan da kowane ɗayanmu ya san su da idonsa: tarar fatake a hanya kafin su iso kasuwa, ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, da ɗaure nonon dabba don a yaudari mai saye. Ku dubi na farkon nan da kyau. Me ya sa aka hana tarar mai kora a bayan gari? Saboda bai san farashin kasuwa ba, kai ka sani, za ka ce masa kasuwa ta faɗi ya sallama maka. To abin da mai muryar nan ya yi ke nan, sai dai shi bai sha rana ya fita bayan gari ba. Ya tare mu a cikin aljihunmu. Ayar nan ta 6 a Suratul Hujurati da ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, duk mun haddace ta muna yara, amma in waya ta yi ƙara sai mu manta.

Yanzu in an idar da la'asar, an ba dabbobi ruwa, nakan tara yaran da ke hannuna a gindin bishiya, kowa ya fito da labarin da ya fi tayar masa da hankali a wayarsa ranar. Sai mu kama shi mu buɗe masa baki. Tambayar farko kullum ita ce: mai maganar nan ganau ne ko jiyau? In jiyau ne, daga wa ya ji, shi kuma daga wa, har mu kai ga wanda ya tsaya a wurin da ƙafarsa. Malaman hadisi haka suka yi, ba su karɓi magana ba sai da sunayen waɗanda suka miƙo ta hannu da hannu, in mutum ɗaya ya ɓace a tsakani sai su ajiye ta. Mafi yawan abin da yaran ke kawowa a mataki na biyu yake mutuwa, a kan "an ce". Sai mu nemi shekarunsa, wato yaushe aka yi, don labari ma yana tsufa kamar sa. Daga nan sai tambayar da na fi so, wadda ɗan kasuwa ya fi malamin makaranta iya ta: in na yarda da wannan magana na yi aiki da ita yau, wa zai ci riba? In mai ba ka labarin faɗuwar kasuwa shi ne kuma ke tsaye da kuɗi zai saya, ai ba sai an kira alƙali ba.

Akwai wata alama da na lura ba ta cika saɓawa ba. Duk maganar da ta ce maka yanzu-yanzu, kada ka tsaya, tura wa kowa kafin a goge, to mai ita ba ya son ka samu lokacin buga waya ɗaya. Rantsuwa ma in ta yi yawa nakan ƙara riƙe aljihuna.

Amma fa a nan ne zan faɗi laifin kaina, don kada yara su ɗauka wayo shi ne ƙaryata komai. A 2007 an yi damina mai ruwa sosai, aka yi ambaliya, sauro ya yi yawa. A watan Oktoba aka fara jin wata cuta a jihar Farin Nilu, ta gangaro Sinnar da Jazira. Ita ce wadda likitoci ke kira zazzaɓin Rift Valley, Larabawa su ce hummal wadil mutasaddi'i. A kasuwa mu da yawa muka ce ƙarya ce, makircin manyan 'yan kasuwa ne don su karya farashi gab da layya. Ni da bakina na faɗa, har ina yi wa masu tsoro dariya. Alhali alamun suna gabanmu: tumaki suna ta ɓari a garke guda, 'yan raguna suna mutuwa kwana ɗaya biyu. Sauro ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, mutum kuma ya fi kamuwa ta hanyar jini wajen yanka da fiɗa, ko taɓa abin da dabba ta ɓarar, ko shan nonon da ba a tafasa ba. Ga shi mutanen nan ƙasar suna son marara, ɗanyar hanta da kayan ciki da barkono da lemun tsami. Zuwa tsakiyar Janairun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga kusan mutum 700 da suka kamu, sama da 200 suka rasu, kuma Jazira na cikin inda abin ya fi tsanani. Wani mahauci da muke hulɗa yana cikinsu. Dabba mara lafiya ya saya da araha ya yanka. Na je jana'izarsa ina tuna dariyar da na yi.

Me ya same ni a lokacin? Ba bincike na yi ba. Labarin ne bai yi mini daɗi ba don ina da kaya a hannu, sai na nemo masa sunan makirci. Wannan ita ce cutar da ta fi wuyar magani, mutum ya gaskata abin da yake so ya ƙaryata abin da zai taɓa masa jari. Shi ya sa nake ce wa yaran, in labari ya yi maka daɗi ƙwarai, shi ma buɗe masa baki. A wancan lokacin kuma wasu sun zarce ta ɗaya gefen, suka ƙaurace wa nama gaba ɗaya har wanda ya dahu lugub, alhali ba nan haɗarin yake ba. Da mun taka zuwa ofishin likitan dabbobi mun tambaya, da mun huta da duka biyun.

Wani abin kuma sani ne kawai ke maganinsa, ba dabara ba. Har yanzu akan samu mai jaka yana bin rugage da kwalabe, wai rigakafin bushiya yake sayarwa. Jama'a, bushiyar shanu an sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya tun 2011. Mai sayar maka da allurarta ruwa yake sayar maka. Ciwon huhu yana nan, ɓoru yana nan, sammore yana nan, harbin daji yana nan, waɗannan su ne abin nema wa magani, kuma a hannun wanda ya san aikin, wanda ya ajiye maganin a sanyi. Haka nan 'yan'uwa da ke zuwa mana daga Chadi ko Nijeriya, ku kula da lissafin bakin mutanen nan. A 2007 aka canza kuɗi, fam ɗaya sabo ya zama daidai da tsohon fam 1,000, amma bakin mutane bai canza ba. Mutum zai ce maka miliyan yana nufin dubu, ya ce milyar yana nufin miliyan. Bai yi ƙarya ba, amma in ka kai labarin farashin nan gida yadda ka ji shi, ka ruɗa kasuwa guda. Ka ce ya rubuta maka da lamba.

Duk wannan maganar dukiya ce. Akwai wadda ta fi ta. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, wajen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. 'Yan'uwanmu ne, wasu abokan cinikina ne. A kwanakin nan wayoyinmu sun cika da hotunan gawawwaki, babu sunan gari babu rana, da muryoyi masu kiran a tashi. Na hana yarana tura ko ɗaya. Wani ya ce, "Baffa, ai da gaske ana kashe mu." Na ce da gaske ne, kuma shi ya sa. Abin da ya faru ya isa baƙin ciki, ba ya bukatar ƙari, kuma hoton da ba ka san asalinsa ba in ya sa wani ya ɗauki wuƙa a kan maƙwabcinsa a Madani, kana da kamasho a jinin.

Sai kuma yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu, 2023. Madani ta cika da masu gudun hijira, muna ganin mu mun tsira. A tsakiyar Disamba faɗa ya iso gabashin kogi. Cikin sa'a guda a waya guda sai ka ji an ce an kore su, ka ji an ce sun tsallako gadar Hantub. Wanda zai kwashe iyali da dabbobi, wanne zai bi? Ni dai abin da na saba na yi, na nemi ganau. Na samu wani mai tuƙa babbar mota da ke zaune a Hantub, na ce kada ka gaya mini abin da ka ji, gaya mini abin da ke gaban ƙofarka. Da ya faɗa, a daren muka fita da mata da yara. Dabbobin ban iya fitar da su ba, kuma ban sake ganinsu ba. Muka ƙare a Gadarif. Sai bayan da sojoji suka sake shiga garin ran 11 ga Janairu, 2025 muka fara dawowa.

A zaman gudun hijirar nan na ga wani sabon salo. Takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya, kowa Bankak. A watan Fabrairu na 2024 kuma layukan waya suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, sai mutum ya je shagon mai Starlink ya biya kuɗin sa'a kafin ya ga asusunsa. 'Yan damfara suka samu kasuwa. Mutum zai saya, ya nuna maka hoton ish'ar, wato sanarwar an tura kuɗi, da sunanka da lambarka da adadin daidai, ya ce layi ne ba kyau, zai shigo. Ka sake masa igiya. Hoton kuwa a waya aka zana shi. Dokata yanzu ɗaya ce, har ga wanda muka yi shekara ashirin tare: ba a kwance dabba sai na buɗe asusuna a wayata na ga kuɗin da idona. Wayarsa bakinsa ce, tawa ita ce haƙori. Murya ma yanzu ba shaida ba ce. A 2023 an yi ta yaɗa wasu sautuka a TikTok da sunan tsohon shugaba Umar al-Bashir, masu bincike na BBC suka nuna da na'ura aka kwaikwayi muryar. In an iya yi wa shugaban ƙasa, maigidanka fa? In murya ta ce ka tura kuɗi wuri kaza, kashe ka kira shi a lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, ko launin san da kuka yi asara a kansa bara ne.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su duba wata shawara. A kowace babbar kasuwa da mashiga, ko Gadarif ce, ko Gallabat a bakin iyakar Habasha, ko Sawakin, ko Wadi Halfa ta hanyar Masar, a samu mutum ɗaya sananne da za a riƙa bugawa, wanda ba shi da kaya a kasuwar ranar, ya faɗi abin da ya gani kawai, in bai gani ba ya ce ban gani ba. Ko da za a riƙa ba shi ɗan abin la'ada daga asusun ƙungiya, bai kai kuɗin bijimi ɗaya ba. Na Nijeriya da Nijar da Chadi su ma su yi nasu, a haɗa lambobin a takarda ɗaya.

Shekaranjiya na dawo daga masallaci na ce wa ɗan ƙanen nan nawa ya shirya, na ji shanu sun yi araha a Sinja, mu tura kuɗi a kamo mana goma. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce, "Baffa, wanda ya gaya maka, daga Sinjar ya zo?" Na yi shiru. Daga bakin wani na ji a sahu, shi ma surukinsa ne ya gaya masa. Na miƙa masa wayata. Ya buga wa mutuminmu na can sau biyu ba ta shiga ba, layin ne ba kyau. Kuɗin suna nan a asusu, gobe da safe zai sake gwadawa.